Boren Musulmin Bahiya na 1835: Sharhi a Kan Littafin João José Reis da Mas'alar da Ya Bari a Buɗe

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan littafin masanin tarihi ɗan ƙasar Burazil, João José Reis, wanda ya nazarci boren da Musulmin Afirka, bayi da 'yantattu, suka yi a birnin Salvador na lardin Bahiya a shekarar 1835. Maƙalar ta auna madogaran littafin, ta duba saɓanin da ke tsakanin marubucin da masu cewa boren ci gaban jihadin ƙasar Hausa ne, sannan ta nuna cewa ɓangarorin biyu sun tsallake wata mas'ala ta fiƙihu wadda ta fi kusa da rayuwar mutanen da ake magana a kansu, wato hukuncin bautar da ɗa Musulmi da sayar da shi ga wanda ba Musulmi ba.

Gabatarwa

Burazil ce ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi daga Afirka. Kusan mutum miliyan 5 aka sauke a gaɓarta, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, ranar 13 ga Mayu, 1888. A cikin waɗanda aka kai lardin Bahiya a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa, wasunsu mahaddata, wasunsu masu iya rubutun Larabci, a daidai lokacin da da yawa daga iyayengijinsu ba su iya karatu da harshensu na Fotugis ba. Don haka tarihin Bahiya ya shafi ɗalibin ilimin addini a ƙasar Hausa kai tsaye.

Littafin Reis, mai suna Rebelião Escrava no Brasil, wato Boren Bayi a Burazil, ya fara fitowa a 1986. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1993, sannan marubucin ya sake fitar da shi da ƙari mai yawa a 2003. Har yau shi ne madogara ta farko ga duk mai son sanin wannan lamari. Abin da ya sa ya cancanci sharhi a mujallar nazarin addini shi ne yadda labarin boren yake yawo a tsakanin ɗalibai cikin siga guda, cewa almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne suka ƙetare teku suka ɗaga tutar jihadi. Labari ne mai daɗin ji, amma daɗin labari ba ya zama hujja, kuma littafin Reis ya tilasta wa mai karatu ya tambayi kansa abin da shaidu suka tabbatar da abin da zuciya ta ƙara.

Abin da ya faru

A ƙiyasin Reis, mazauna Salvador a 1835 sun kai kimanin 65,500. Kusan kashi ɗaya cikin uku haifaffun Afirka ne, kuma a cikinsu akwai bayi fiye da 17,000 da 'yantattu fiye da 4,000. Bautar birni ta bambanta da ta gonakin rake. Bawa yakan fita dako ko ɗinki ko talla, ya kawo wa ubangijinsa wani kaso da aka yanka masa, ya riƙe saura, tsarin da ya yi kama da murgu a ƙasar Hausa. Da abin da ya rage wasu suke tara kuɗin fansar kansu. Wannan walwala ce ta ba malamai damar tara almajirai a ɗakunan haya da bayan shaguna, ana karatun allo, ana sallah, ana buɗa-baki tare. Mutanen gari suna kiran waɗannan Musulmi Malê, kalmar da Reis ya danganta da imale ta Yarabanci, malamansu kuwa alufa.

An shirya boren ne domin safiyar Lahadi, 25 ga Janairu, 1835, wadda ta faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan na 1250 bayan Hijira, ranar da kuma Kiristocin birnin suke shagalin wani biki a cocin Bonfim. Sai dai asiri ya tonu tun daren Asabar, lokacin da wata 'yantacciya mai suna Guilhermina Rosa de Souza ta kai rahoton abin da ta ji. Dakarun sintiri suka afka wa gidan da wani 'yantacce, Manoel Calafate, yake zaune, inda mutane kimanin 60 suke taron ƙarshe, sai suka fito da takubba suka buɗe hanya. Wani rukuni ya nufi kurkukun da ke ƙarƙashin ginin majalisar birni domin ya fitar da malaminsu Pacífico Licutan, abin bai yiwu ba. Aka yi ta gwabzawa a tituna na 'yan sa'o'i, har dakarun doki suka murƙushe su a unguwar Água de Meninos kafin gari ya waye sosai. Waɗanda suka fito sun kai kimanin 600, da yawansu sanye da fararen riguna da layu, kuma kimanin 70 daga cikinsu suka rasa rayukansu.

Hukuncin da ya biyo baya ya yi tsanani. An harbe mutum huɗu ranar 14 ga Mayu, 1835, aka yanke wa Licutan bulala 1,000, aka ɗaure wasu, aka kori wasu daga ƙasar. Majalisar lardi ta yi dokar da ta ba da damar korar duk 'yantaccen Afirka da ake zargi, ta kuma ɗora wa saura haraji na musamman. Gwamnatin ƙasa ta fitar da dokar 10 ga Yuni, 1835, wadda ta tanadi kisa ga bawan da ya kashe ubangijinsa. Ɗaruruwan 'yantattu suka koma gaɓar Afirka ta Yamma, suka zauna a Legas da Wida da Porto-Novo, inda zuriyarsu take har yau.

Ƙarfin littafin

Babban abin yabo a aikin Reis shi ne ya fitar da mutane daga cikin taro. Kafin shi, an saba ambaton masu boren a dunƙule, kamar guguwar da ta taso ta wuce. A littafinsa kuwa mai karatu yana haɗuwa da Luís Sanin, Banufe mai aikin naɗe taba, wanda ya kafa asusun da almajirai suke zuba kuɗi a ciki, ana sayen yadin riguna, ana biyan iyayengiji kason ranakun hutu, ana taimaka wa mai neman fansar kansa. Yana haɗuwa da Elesbão do Carmo, wanda ake kira Dandará, 'yantaccen Bahaushe mai shagon taba, da yake karantar da yara da manya a shagonsa. Yana kuma haɗuwa da Licutan, dattijon da aka tsare ba don wani laifi ba, sai don ubangijinsa ya ci bashi, aka kama shi a matsayin dukiyar da za a yi gwanjonta. A gaban masu tuhuma ya ƙi ambaton sunan almajirinsa ko ɗaya, kuma ya ce sunansa Bilal.

Abu na biyu shi ne yadda marubucin ya ba 'yantattu muhimmanci. Ya nuna cewa takardar 'yanci ba ta mai da ɗan Afirka ɗan ƙasa ba: ba shi da ƙuri'a, ba ya tafiya sai da izini, kuma ana iya korarsa a kowane lokaci. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa mutanen da suka riga suka fanshi kansu, wasu har da shaguna, suka jefa rayuwarsu cikin haɗari tare da bayi. Gidajensu ne makarantu, su ne kuma masu kai saƙo tsakanin birni da garuruwan gonakin rake. Ya kuma nuna cewa cucanawa, wato baƙaƙen da aka haifa a Burazil, ba su shiga boren ba, abin da ke rushe zaton cewa launin fata kaɗai ya isa ya haɗa kan mutane.

Matsalar madogara

Kusan duk abin da aka sani game da boren ya fito ne daga kundin tuhuma da shari'a da ke taskar tarihi ta Bahiya. Ɗalibin da ya karanci ilimin hadisi zai gane matsalar nan take. Mai ba da labari fursuna ne da ke tsoron bulala ko igiya, mai tambaya abokin gabarsa ne, mai rubutawa kuma magatakarda ne da bai san Larabci ko Yarabanci ko Hausa ba. A fiƙihun Malikiyya iƙirarin wanda aka tilasta ba ya zama hujja a kansa, to ina ga a gina tarihin aƙidarsa a kai. Reis ya san da haka, kuma a wurare da dama yana karanta musun fursunoni a matsayin dabarar kare kai. Amma akwai inda buƙatar labari mai tsari take sa a ɗauki magana guda a ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta.

Misali mafi bayyana shi ne batun manufar boren. Maganar da ta yaɗu, cewa masu boren sun yi niyyar kashe farare da cucanawa su kuma bautar da barbarar yanyawa, ta samo asali ne daga bakin mai tona asiri, wadda ita ma ji ta yi daga wasu. Riwaya ce mai yankakken isnadi, daga wadda take da dalilin girmama haɗarin a idon hukuma. Reis ya yi taka-tsantsan da ita, sai dai waɗanda suka ɗauko daga gare shi sukan jefar da taka-tsantsan ɗin su riƙe maganar.

Sai takardun Larabci da aka samu a jikin gawawwaki da cikin gidaje. Su kaɗai ne abin da masu boren suka rubuta da hannunsu ba tare da tilas ba. Hukuma ta sa wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya fassara wasu daga ciki, kuma a bayaninsa an ji batun tsarin kai hari. Amma da Vincent Monteil ya nazarci takardun da suka saura a 1967, Rolf Reichert kuma a 1970, abin da suka samu ayoyin Alƙur'ani ne da addu'o'i da hatimai da rubutun masu koyo. A nan ne rauni ɗaya na fagen yake. An fi kallon takardun a matsayin layu, aka tsaya a nan, alhali wanda ya tashi a makarantar allo ya san cewa zaɓen aya ba ya zama kara-zube. Akwai ayoyin tsari, akwai na neman buɗi, akwai na neman rinjaye a kan maƙiyi, kuma salon rubutu da irin kuskuren da marubuci yake yi suna iya nuna inda ya yi karatu da matakin da ya kai. Wannan aiki ne da malaman ƙasar Hausa da na Ilori suka fi kowa cancantar yi, kuma har yanzu ƙofarsa a buɗe take.

Jihadi ne ko ba jihadi ba?

Tun farkon ƙarni na 20, likitan nan na Bahiya, Nina Rodrigues, ya fassara boren a matsayin yaƙin addini da aka ɗauko daga jihadin ƙasar Hausa. Daga baya Paul Lovejoy ya ƙarfafa alaƙar da hujjoji masu nauyi, a maƙalarsa ta 1994 kan asalin bayin Musulmi na Bahiya da littafinsa na 2016 kan jihadi a Afirka ta Yamma. Hujjar wannan ɓangare ita ce jerin shekaru. Jihadin Shehu ya fara a 1804, sai ga Hausawa sun ƙulla makirci a Bahiya a 1807, suka yi bore a 1809 da 1814. Bayin Musulmi na daular Oyo sun yi tawaye a 1817 suka taru a Ilori wajen Afonja da Shehu Alimi, yaƙe-yaƙe suka cinye ƙasar Yarabawa, sai ga Yarabawa sun cika jiragen da ke zuwa Bahiya, kuma su ne suka jagoranci boren 1835.

Reis bai musanta wannan tushe ba, har ma ya faɗaɗa bayaninsa a bugun 2003. Abin da ya ƙi shi ne a ce boren maimaicin jihadin Sakkwato ne. Dalilansa uku ne. Na farko, mafi yawan waɗanda aka gurfanar Yarabawa ne, Hausawa kuwa, waɗanda suka fi kusa da jihadin, 'yan kaɗan ne. Na biyu, Yarabawa da ba Musulmi ba sun shiga sahu a tituna, kuma babu shaidar cewa an ɗauke su abokan gaba. Na uku, ba duk Musulmin da aka kai Bahiya ne mayaƙin jama'ar Shehu ba, domin a cikinsu akwai waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren sarakunan Haɓe ko na Barno, akwai kuma fatake da manoma da aka sace a hanya. A ganinsa Musulunci ne ya ba da shugabanci da tsari da harshe, amma ƙabila da halin bauta su ne suka tara jama'a.

Idan aka auna da ma'aunin fiƙihu, matsayin Reis ya fi kusa da abin da shaidu za su iya ɗauka. Jihadin Shehu yana da matakai sanannu: da'awa ta shekaru masu yawa, kafuwar jama'a, hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, mubaya'a ga shugaba, sannan yaƙin Tafkin Kwatto. An kuma rubuta hujjojinsa a littattafai irin su Bayanu Wujubil Hijra. A kundin Bahiya ba a ga mubaya'a ga Amirul Muminina ba, ba a ga hijira ba, ba a ga takardar da ta hukunta matsayin ƙasar ba. Gaskiya ne rashin ganin abu a kundin 'yan sanda ba ya kore samuwarsa, amma wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida.

Sai dai a nan ne kuma gazawar muhawarar take. Ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa idan Musulmi ya ɗauki makami bisa hujjar addini, to ko dai jihadin kafa daula ne, ko kuwa addinin rufi ne kawai a kan ƙabila. Fiƙihu ya fi haka faɗi. Akwai babin kare kai daga mai ta'addanci, akwai kuma babin kuɓutar da Musulmin da ke hannun maƙiyi, wanda malaman Malikiyya suka ɗora wajabcinsa a kan jama'a. Abubuwan da Reis da kansa ya jera suna karkata zuwa wannan. A ƙarshen Nuwamba na 1834 wani jami'i ya tarwatsa taron daren Mi'iraji a unguwar Vitória, aka kuma rushe bukkar da ake sallah a cikinta. A daidai wannan lokaci aka tsare Licutan, almajiransa suka yi ta ziyartarsa suna neman albarka, ƙoƙarin fansarsa da kuɗi kuma ya ci tura. Da dare ya yi, kurkukun da yake ciki yana cikin wuraren farko da aka nufa. Wannan karatu ne, ba nassi ba, amma ya fi dacewa da jerin abubuwan fiye da zaɓi biyun da aka saba bayarwa.

Mas'alar da aka tsallake

Tambayar da littafin bai yi ba ita ce: yaya malamin Bahiya yake ganin hukuncin bautar da shi a shari'ar da ya karanta? Wannan mas'ala tsohuwa ce a Biladus Sudan. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, yana amsa tambayoyin mutanen Tuwat game da bayin da ake kawowa daga kudu. Ya tabbatar da cewa sababin bauta kafirci ne ba launi ba, ya yi watsi da labarin la'anar Hamu, ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai a cikin ƙasashen Musulmi, ya kuma hukunta cewa wanda ya fito daga irin waɗannan ƙasashe ya ce shi ɗa ne, maganarsa ake karɓa. Shehu Usmanu a Wasiƙatu Ahlis Sudan ya haramta bautar da 'ya'ya Musulmi, ko a ƙasar Musulunci suke ko a ƙasar yaƙi. Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri ya yi gargaɗi game da bayin da ake saya daga arewa a sayar wa Nasara ta hannun Yarabawa, kuma a 1824 ya tattauna da Hugh Clapperton kan hana fitar da bayi zuwa gaɓa. A bayan duka akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito, wanda ya sanya mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah Maɗaukaki zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Ba ana cewa waɗannan littattafai sun isa Bahiya ba ne. Abin da ake cewa shi ne hukuncin sananne ne a makarantun da wasu daga cikin malaman suka fito, kuma yana raba al'ummar Malê zuwa rukuni-rukuni. Wanda aka haifa ɗa Musulmi aka kama shi, bautarsa ɓatacciya ce tun daga tushe, kuma a idon shari'a shi kamamme ne, ba bawa ba. Wanda ya musulunta bayan an bautar da shi, kamar Yarabawa da yawa da suka karɓi addini a Salvador, hukuncinsa daban ne, domin musulunta bayan bauta ba ta kawar da ita a wurin malaman fiƙihu, kuma Ahmad Baba ya sanya Yarabawa cikin waɗanda ba su musulunta ba a zamaninsa. Amma rukunin biyu sun haɗu a wani hukunci na uku, wato ba a barin Musulmi a ƙarƙashin mallakar wanda ba Musulmi ba. Da Reis ya bi wannan zare, da ya samu bayani na cikin gida kan yadda malami Banufe da almajiri Bayarabe da ɗan kasuwa Bahaushe suka iya ganin kansu a kan hujja guda, da kuma dalilin da ya sa yawan masu musulunta ya zama matakin farko na shirin.

Wannan mas'ala tana juyowa kan mai karatu na ƙasar Hausa. Idan akwai 'ya'ya Musulmi a kasuwar bayi ta Salvador, to akwai hannun da ya kama su, da hannun da ya miƙa su daga kasuwa zuwa kasuwa har gaɓar Legas da Wida, kuma ba dukkan hannayen ne na Turawa ba. Ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya tattauna da Hausawa a can ya buga bayanansu a 1851, kuma da yawansu sun ce a yaƙi aka kama su. Hukuncin malamai ya fito sarari, amma aiki da shi a fagen fama da kan hanyoyin fatauci ya gaza. Wanda ya yi alfahari da jarumtar Malê ya kau da kai daga yadda suka isa can, ya ɗauki rabin tarihi ne.

Malê da fafutukar soke bauta

Akwai kuma wani kuskure daga ɗaya gefen, wato sanya masu boren a sahun masu fafutukar soke bauta baki ɗaya. Hujjar fiƙihun da aka ambata tana kare Musulmi ne, ba ta rushe tsarin mallakar mutum ba. Binciken Reis na baya-bayan nan ya ƙara fito da wannan sarƙaƙiya. Tare da Flávio Gomes da Marcus de Carvalho ya rubuta tarihin Rufino José Maria a 2010, Bayaraben Oyo da ya fanshi kansa, ya yi aikin kuku a jiragen fataucin bayi, ya yi karatun Alƙur'ani a Saliyo bayan Ingilishi sun kama jirginsu a 1841, sannan ya zama alufa a birnin Recife, inda aka kama shi a 1853. Ya kuma rubuta labarin Manoel Joaquim Ricardo, Bahaushen da ya samu 'yanci ya yi arziki, ya rasu a 1865 ya bar bayi fiye da 20. Waɗannan mutane sun ƙi bauta ga kansu, amma sun rayu cikin duniyar da ta ɗauke ta al'ada.

Soke bauta a Burazil ya bi wata hanya: matsin lambar Birtaniya, dokar 1831 da ta haramta shigo da bayi amma aka yi biris da ita, dokar 1850 da ta dakatar da fataucin a aikace, dokar 1871 da ta 'yanta 'ya'yan da bayi za su haifa, sai ta 1888. A cikin jagororin fafutukar akwai Luiz Gama, haifaffen Salvador a 1830, ɗan 'yantacciyar Afirka, wanda mahaifinsa ya sayar da shi yana ɗan shekara 10. Da ya kuɓuta ya koyi shari'a, ya yi ta amfani da dokar 1831 a kotuna yana 'yanta ɗaruruwan mutane bisa hujjar cewa an shigo da su ba bisa ƙa'ida ba. Hujjarsa ta yi kama da ta Ahmad Baba ta fuska guda, wato mutum ɗa ne har sai an tabbatar da akasin haka. Gudummawar boren 1835 ga wannan tafiya ita ce tsoron da ya dasa, wanda ya sa wasu masu mulki suka fara ganin ci gaba da shigo da 'yan Afirka haɗari ne gare su.

Al'ummar Musulmin kuwa ta biya farashi mai tsada. Lokacin da malamin nan Abdurrahman al-Bagdadi ya sauka a Rio de Janeiro a 1866 daga wani jirgin Daular Usmaniyya, ya tarar da Musulmi suna ɓoye addininsu, 'ya'yansu kuma suna tashi a cikin Kiristanci, kamar yadda ya bayyana a littafin tafiyarsa, Musalliyatul Garib.

Kammalawa

Littafin Reis ya cancanci matsayin da yake da shi. Ya dawo wa mutanen da kotu ta mayar lambobi da sunayensu da sana'o'insu, ya nuna rawar 'yantattu, ya kuma ƙi yanke hukuncin da shaidu ba su kai gare shi ba. Rauninsa shi ne ya kalli Musulunci a matsayin abin da ke haɗa jama'a da ba su ƙarfin zuciya, bai kalle shi sosai a matsayin shari'a mai babi-babi da malamai suke auna halinsu da ita ba. Cike wannan giɓi yana buƙatar wanda ya san Risala da Mukhtasar, ya san rubutun allo, ya kuma yarda ya koyi Fotugis ya zauna da kundin Bahiya.

Wanda zai yi wannan aiki daga jami'o'in ƙasar Hausa sai ya shiga da adalci ga kowane ɓangare. A Arewacin Nijeriya ba a kammala soke bauta a doka ba sai 1936, shekara 48 bayan Burazil, kuma zuriyar waɗanda aka bautar da ta waɗanda suka bautar suna sallah a sahu ɗaya a yau. Licutan da almajiransa ba sa buƙatar a ƙara musu laƙabin da ba su yi da'awarsa ba. Haƙƙinsu a kan masu bincike shi ne a karanta abin da suka rubuta da idon wanda ya san shi, a kuma faɗi yadda aka yi suka isa inda suka isa. Allah ne Mafi sani.